Na Zaɓi Kwali Saboda Habu

Zuwa ga Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa babban wanta, ina fatan kana kwance cikin rahama. Ni ce Rakiya. Ina nan unguwar Sukra a garin Sabha ina tuƙa tuwona a inda ka bar ni. Da gangan na rubuta maka a inda mutanenmu na Sabha za su gani.

Maganar tsofaffin tsabar kuɗinka ce.

Ka tuna yadda kake ture agogunan gyara gefe bayan La'asar, ka shimfiɗa farin ƙyalle ka jera su? Anini mai huda na Kaka da ka taho da shi daga Damagaram. Na Turawan Italiya da wani ɗan garinmu ya tono a wani lambu a garin Samnu ya kawo maka. Liyarin azurfa na zamanin ayari. Ba ka taɓa riƙe ɗaya sai ta baki-baki. Ranar da na ɗauko toka zan wanke maka su, ka riƙe hannuna kana dariya, ka ce: "Rakiya, ba a yi wa tsoho bilicin. Dattin nan shi ne shekarunsa."

Da muka dawo daga binne ka, Habu amininka, wanda duk mai wucewa arewa ke bar wa ajiya, ya zo idonsa jawur. Ya ce mace ita kaɗai a ɗakin haya ba ta ajiye irin wannan kaya. Na miƙa masa jakar da hannuna biyu, har ina sa masa albarka.

Sai da na yi ta sintiri kafin ya maido mini. Yaya, da ka gani da ka sake mutuwa. Ya dirje yawancinsu da lemun tsami da soson ƙarfe har rubutunsu ya shafe. Ya cusa su a littafin leda mai laushi, ya bar su a shago ƙarƙashin kwano, zafin Sabha ya narka ledar, wani koren abu mai danƙo ya bi jikinsu. Liyarin kuwa babu. Ya rantse wai bai taɓa ganinsa ba.

Na kai su wurin dattijon Balaraben nan mai shagon tsofaffin kaya, wanda kuke shan shayi tare. Yana buɗe littafin ya yi salati. Shi ya faɗa mini Habu ya kawo masa su ko sadakar bakwai ɗinka ba a yi ba. Ya sayi liyarin bai san naka ba ne, har ya sayar wa wani daga Tarabulus. Sauran ya ƙi saya, don an kashe yawancinsu da guga.

Sannan ya fito mini da ma'ajiyai iri uku. Littafin leda, ya ce in jefa shi a shara. Akwai 'yan gidaje na roba mai tauri, garai-garai, kowace tsaba da girman nata, ta zauna daram ba ta motsi, iska ba ta shiga. Akwai kuma farin kwali mai taga a tsakiya, a ninke a manne.

Waɗanda suka tsira, har da aninin Kaka, na saya musu na robar. Mun gwada ɗaya bayan ɗaya har kowace ta sami gidanta. Da kana nan da ka yi ta juya su a rana kamar yaro.

Waɗanda ya lalata kuwa, kwali na zaɓa musu. Ba don araha ba. Kwali yana da wurin rubutu. A kan kowanne na rubuta da jan biro: "Aikin Habu mai ajiya." Na jera su a teburina kusa da tukunyar miya. Duk wanda ya zo cin tuwo sai ya tambaya, ni kuma ba na gajiya da ba da labari.

Yanzu mutane layi suke yi a ƙofar shagonsa suna karɓe kayansu. Ma'aikatan gonakin dabino na garin Ghuddwa mota guda suka yo. Habu ya turo limaminmu ya ba ni haƙuri. Na ce: "Malam, ya je maƙabarta ya roƙi mai kaya. In ya yafe, na yafe."

Na san halinka. Da kai ne, da ka ce in bar shi da Allah, ka sake zuba masa shayi. Ni ba kai ba ce, Yayana. Kai ka goya ni lokacin da Inna ta kwanta ciwo, kai ka raba ruwanka da ni a bayan mota cikin sahara. Ba ka bar gida ba, ba ka bar ɗa ba. Tsofaffin kuɗin nan kaɗai ka bari, kuma har yanzu in na buɗe jakar ina jin ƙanshin man agogo.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Inna da Kaka. Shi kuwa Habu, Allah Ya ba shi tsawon rai, ya zauna a shagon nan daga safe har Magariba, kada ko allura wani ya sake ba shi ajiya. Amin.

Ƙanwarka da ba ta huce ba,
Rakiya