Bidiyon Inna da Kaji

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa da ta daɗe ba ta ga yayanta ba. Allah ya sa kai da iyali kuna lafiya, ya sawwaƙe maka ciwon bayan nan. Mu nan sai godiya. Auta ta haihu, an samu mace. Inna na cin abinci sosai, mantuwar ce dai kullum gaba take yi.

Yaya, maganar da ta sa na zauna rubutu da nauyi a bakina. Ka tuna bidiyon da babbar 'yata ta ɗauka, Inna a tsakar gida da ɗaurin ƙirji, ta jera kaji tana kiran suna kamar lokacin da take shugabar makaranta, tana yi wa zakara faɗan makara? A zauren danginmu na waya aka sa shi don ku na nesa ku ga tana da kuzari. Duk mun yi dariya, har da ni, har da kai. To, bidiyon ya fita. Wani shafin barkwanci ya ɗauka, ya ɗora masa kiɗa, ya rubuta wai mahaukaciyar malama. A shagon ɗinkina wata mai kawo aiki ta miƙo mini wayarta tana ƙyaƙyatawa, ba ta san uwata ba ce. Na ce allura ce ta soke ni, na shige bayan labule.

Na tambayi zaure wa ya fitar, ba a samu wanda ya ɗauki laifin ba. Ni da maigidana muka je wurin 'yan sanda. Jami'in ya saurare mu da mutunci, sannan ya ce mai shafin yana wata ƙasa, kamfanin da ya mallaki dandalin da shafin yake yana wata, hannunsu bai kai can ba. Muka kai ƙara ga kamfanin, suka amsa wai bidiyon bai saɓa wa ƙa'idarsu ba. Ina jin babu mai jin Hausa a cikinsu, balle ya san nauyin kalmar da aka jefi Inna da ita. Wani lauya ya ce dokar ƙasar da kake ta fi tsanani a kan hoton marar lafiya, kuma kamfanin yana jin tsoronta. Don Allah ka shigar da ƙara a can a matsayinka na ɗanta. Tsofaffin ɗalibanta sun fara kirana, na daina ɗauka.

Jiya 'yar tawa tana kallon bidiyon tana kuka, sai Inna ta leƙo ta kafaɗarta. Ta kalla har ƙarshe, ba ta gane kanta ba. Ta gyara mayafinta, ta tambaye ni ko wannan baiwar Allah ba ta da 'ya'ya ne, da aka bar ta haka duniya na kallo. Na ce tana da su, Inna. Ta ce to Allah ya shirye su.

Ka gaishe mini da matarka da 'yan biyu. Goggo da Auta suna gaishe ka. Allah ya rufa mana asiri.

Taka,
Ƙanwarka mai bi maka