Kunyar Ɗan Fari

Zaitawa, Kano

Zuwa ga Yaya Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya yara da mai gidan? Na rubuto ne na ba mai kawo mana kayan miya, domin wayar gidan nan kowa ɗauka yake yi.

Yaya, ɗan naki ne ya hana ni sukuni. Kullum da safe ciwon ciki, amma ranar da babu makaranta garau yake. Tuwo sai ya jagwalgwala ya ture. Ƙwallon ma ya daina, sai ya shige zaure ya zuba tagumi kamar tsoho. An yi tofi, an sha rubutu, shiru. Kin san ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da shi in ce me ke damunka. Ki karɓe shi riƙo, ko ya sake a wurinki. Wallahi tsoro nake ji.

Ƙanwarki,
Bushra

Ƙofar Kabuga

Bushra,

Wa'alaikumus salam, muna lafiya. Na aika an kawo mini ɗan naki Ashafa, ya kwana biyu a nan kafin ya koma. Ban tsare shi da tambaya ba, wake na ba shi muka tsince, bakinsa ya buɗe da kansa.

Yaran ajinsu ne. Da malam ya ce ya yi karatu, sai su hau kwaikwayon i'inarsa, a tashi kuma su raka shi da ita har bakin lungu. Ya ce tun asuba ƙirjinsa ke bugawa, wani lokaci ya ji gara ma bai farka ba. Wannan kalma ba ta wasa ba ce, za mu kai shi wurin likita.

Ga wadda ta sa ni kuka. Cewa ya yi, “Inna, ai Umma ma kunyar i'inata take ji. Tana kiran ƙannena da sunansu, ni kuwa sai ‘kai yaro’.”

Kin ji, sarkin kunya! Ke kina kara, shi yana ganin ƙi. Mu mun tashi mun ga ana yi mun gane, shi wa ya taɓa yi masa bayani? In kika turo shi yanzu, kin tabbatar masa. Ƙofata a buɗe take, amma sai kin fara zama da shi. Kada ki ce masa namiji ba ya kuka, kada ki ƙarasa masa magana in ta maƙale. Ki jira shi.

Yayarki,
Dije

Zaitawa

Yaya,

Salam. Na karanta, na kasa cin abinci. Surukata ta ce in na kama sunansa zan zama abin faɗi a unguwa. Su faɗa. Gobe ni da babansa za mu ga shugaban makaranta. Zaman ne nake jin nauyi, ki sa ni a addu'a.

Bushra

Zuwa ga Inna Dije,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki. Jiya Umma ta shimfiɗa tabarma ta ce in zo. Ta kira sunana, sai da ta maimaita kafin ya fito daidai. Na faɗa mata komai, na daɗe ƙwarai, ba ta tashi ba har miyarta ta kama. Ta ce kunyar ba ta i'ina ba ce, ita ma kakata haka ta yi wa Kawu, ɗanta na fari.

Har yanzu cikina yana ciwo da safe, amma kaɗan. Inna, kada ki aiko a ɗauki kayana. A gida zan zauna.

Ɗanki,
Ashafa