Mun Cinye Tiren Yara, Rabi

Zuwa ga Hajiya Rabi, uwargidana kuma abokiyar tafiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan unguwar Tompkinsville ta tsibirin Staten Island lafiya lau, ban da gwiwar nan da kika sani, wadda har yau ba ta yafe mini zaman jiran fasinja cikin tasi a filin jirgin sama na JFK ba. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. To, amma ke kaɗai na saba kai wa ƙarar kaina, kuma na jawo abin kunyar da ya fi ƙarfin haɗiya.

Maganar ƙungiyarmu ce ta kwaleji, wadda muka kafa muna ɗalibai a ɗakin nan na ƙasa mai bututun ɗumama da ke tari kamar tsoho. Maza da reshensu, mata da nasu, ke ce shugabar mata. Ke kika kawo dokar da ta riƙe mu: sabon shiga ba ya zama ɗan ƙungiya sai ya sa hannu a tire ɗaya da wanda ba ɗan garinsu ba. Bakano, ɗan Zangon Kumasi, mutumin Damagaram, 'yar Jos mai zuwa coci, duk a babban tirenki mai zanen fure. Kina cewa, "Wanda kuka haɗa yatsu a miya, da wuya ka wuce shi a hanya ba gaisuwa."

Ƙungiyar ta lalace, Rabi. Ɗakin ya koma wurin ajiye karyayyun kujeru, har makaranta ta ce idan zangon karatu ya ƙare ba ɗaliban da ke taruwa a ciki, za ta ba wasu.

Jikarki Ummi, takwararki, ita ta ce ba ta yarda ba. A kwalejin take yanzu. Ta bi 'ya'yan mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, na unguwar Bronx da na Flatbush, yaran da za ka yi musu Hausa su amsa maka da Turanci, ta lallashe su su zo. Ta sauko da tirenki daga saman kabad, ta cika shi da shinkafa da wake irin na Zango, da dambu, da waina. Mu tsofaffin 'yan ƙungiya kuma ta gayyace mu mu sa albarka.

Albarka kawai aka ce mu sa. Muka je da manyan riguna kamar masu ɗaurin aure.

Gaisuwa kaɗai ta ci rabin lokacin. Ina gajiya, ina iyali, ina sanyi, kowa sai ya zagaye kowa. Sannan Alhaji Bawa na Kumasi da Malam Issaka suka tsaya jayayyar wanda ya riga wani sauka a ƙasar nan, domin a san mai fara magana. Ni na raba gardamar, na fara. Na yi dogon jawabi a kan zumunci, har da tatsuniya. Yara suna tsaye a jikin bango, domin mun cinye kujeru.

Da Ummi ta buɗe tire, sai ta dube ni. Ladabi ne, tana jiran in yi bisimilla in ce yara su matso. Ni kuwa kaina ya tafi gida, inda babba ke fara ci, yaro ya jira saura. Na naɗe hannun riga. Bawa ya gyara zama. Issaka ya nemi ruwan wanke hannu, wata yarinya ta kawo masa.

Rabi, mun cinye.

Muna ci muna cewa yaran zamani ba su san zumunci ba, baki cike da wainarsu. Kin san suna jin Hausa sarai, amsawa ce kawai ke ba su wuya. Ko da na ɗaga kai ina suɗe yatsa, bango ne kaɗai ya rage a inda suke tsaye. Sai Ummi, riƙe da murfin tire.

Ni da ita muka hau jirgin ƙasa, sannan jirgin ruwa zuwa tsibirinmu. Sai da muka iso gida tana wanke tiren, ta ba ni baya, ta ce, "Kaka, ai ba domin ku na dafa ba." Da muryarki ta faɗa. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Na roƙe ta ta sake kiransu, na ce wannan karon ni zan dafa. Kin san hannuna a tukunya, shinkafar ta kama. Haka na rungumi tiren daga Staten Island har makaranta, Turawa suna kallon tsoho da kayan aure. Na hana Bawa da Issaka zuwa. Na ajiye tire a tsakar ɗaki, na ɗauki buta da roba na tsaya a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo in zuba masa ruwa.

Ba duka suka dawo ba, kuma ban ga laifin waɗanda suka ƙi ba. Waɗanda suka zo sun durƙusa suna kallon-kallo, sai wata Rifkatu, wadda iyayenta mutanen Jos ne, ta fara sa hannu, wani ɗan Nijar ya bi. Kafin a jima sai dariya, rabi Hausa rabi Turanci, suna yi wa girkina ba'a a gabana. Sun sa ranar haɗuwa ta gaba da kansu, ba wanda ya nemi shawarata. Mabuɗin ɗakin yana hannun Ummi har yanzu.

Da suka gama, Rifkatu ta turo mini tiren. Ƙanzo suka rage mini. Na zauna a ƙasa, inda yaro ke zama, na kankare shi tas.

Allah Ya jiƙanki, Rabi, Ya haskaka kabarinki, Ya sa tiren nan ya zama miki sadaka mai gudana. Yaran nan Allah Ya haɗa kansu, Ya tsare su daga irin taimakonmu. Ni kuma Ya ba ni hankalin sanin lokacin da ruwa kaɗai ake so in zuba.

Naki har mu sadu,
Sule, mai riƙon buta