Wayar da Take Ce wa Kowa "Ka"

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Delu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa mu nan Hadejia lafiya lau muke. Ruwa ya janye daga fadama, an fara yankan shinkafa, gwiwata ta hagu kuma tana nan da halinta.

Dalilin wannan takarda shi ne na yi wata kwaɓa da furfurata, kuma tun da abin ya faru ke nake ta tunawa. Sai dai ki yi haƙuri in fara bayyana miki wani abin da ba ki tarar ba.

Yanzu akwai wata aba a cikin waya da ake ce wa manhaja. Wadda nake magana a kanta ta ruwa ce. Mutumin Hadejia ya leƙa kogi ya rubuta inda ruwa ya kai, na Guri ya rubuta nasa, sai manomi ya duba ya san ko ambaliya na tafe. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba ta da mai ita. Cikinta a buɗe yake, kowa na iya leƙawa. Wanda ya ga ɓaraka ya kawo gyara, wani ya duba gyaran, in ya yi a saka. Kin tuna gayyar yankan ciyawar kachala a bakin kogi, kowa ya fito da laujensa? To kamar haka, sai dai 'yan wannan gayyar wani yana Kano, wani yana ƙasar da ko sunanta ban iya faɗa ba, kuma yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Har yau ina mamakin abin da yake riƙe su tare.

Ni kuwa, kin san malamin makaranta ko ya yi ritaya bakinsa ba ya yi. Na ga Hausar manhajar a karkace, a ƙasa kuma an rubuta cewa wanda ya ga kuskure ya zo ya gyara. Sai na shiga zaurensu, wato wurin da suke rubuta wa juna magana kowa na gani. Suka yi mini maraba, suka damƙa mini fassara. Na zauna na yi ta bi layi-layi: "Shigar da sunanka." "Kana so ka aika?" "Ka tabbata?" Ina gamawa ina jin kaina kamar wanda ya gina gada.

Ana nan sai wata mai suna Hajara, daga Guri, ta rubuta a zauren. Ita ce take tattara rahoton ruwa daga matan da ke banda kifi a can. Ta ce, "Sannunku da aiki. Amma ni fa ba namiji ba ce, wayar nan kuwa kullum 'ka' take ce mini. Matanmu sun ce abin na maza ne, in ta yi magana sai su miƙa wa maigida."

Inna, da na yi shiru da na huta. Amma sai na gyara zama na rubuta mata, a gaban kowa, cewa yarinya, haka Hausa take tun kafin a haife ki, in an ce "ka" kowa ake nufi, ki bar wa masu fannin fanninsu. Har da ƙara mata cewa ni na koyar da harshen nan shekaru masu yawa.

Ba ta amsa ba. Washegari ma haka. Daga nan sai na lura gurbin Guri a manhajar ya zama fayau, ba rahoto ko ɗaya, ga shi lokacin ruwa na hauhawa, manoman can ƙasa kuma da wannan rahoton suke sanin ranar kwashe kaya. Na dinga buɗe wayar ina rufewa, ina ce wa kaina wataƙila cajinta ne ya ƙare.

Mai kula da aikin wani ɗan Birniwa ne, Injiniya Bukar. Bai kunyata ni a zaure ba, ta gefe ya aiko mini. Sai da ya gaishe ni tsaf, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya ce, "Baba, fassararku ta taimake mu ƙwarai. Amma maganar da kuka yi wa Hajiya Hajara ta saɓa ƙa'idarmu ta zaman tare. Don Allah ku duba." A ƙarshe kuma ya ƙara, kamar ba da gangan ba, cewa Hajiyar jikokinta sun fi nawa yawa. Kin ji yarinyar tawa.

Na buɗe ƙa'idar da niyyar in samo mata kuskure. Ashe sun zauna sun rubuta yadda za a yi mu'amala. A soki aiki, kada a soki mai aikin. Kada a raina mutum don shekarunsa, ko don mace ce, ko don yadda yake furta magana. Sabon zuwa yana da bakin magana kamar wanda ya daɗe. Wanda kuma ya ɓata wa wani a bainar jama'a, ya nemi afuwa a nan inda ya ɓata. Na karanta sau uku ina tambayar kaina, me ya sa sai an rubuta abin da kowace uwa take koya wa ɗanta a bakin murhu? Daga baya na gane. A zauren gida ina ganin fuskar mutum kafin in buɗe baki. A nasu kuwa suna kawai nake gani, shi ya sa na zaɓa wa baiwar Allah shekarun da suka yi mini daɗi.

A nan kika faɗo mini a rai. Na tuna yadda kike zuwa ɗibar ruwa ki dawo ki ce wa Baba, "Kogi ya canza launi, a kwashe dawar ƙasa." Shi kuma ya fita majalisa ya faɗa da muryar wanda ya gano da kansa, a yi ta ce masa sannu da hangen nesa. Ke kina ciki kina tankaɗe, ko a jikinki. Yanzu nake tambaya, da gaske ko a jikinki ne, ko dai ba mu taɓa tambayarki ba?

Sai na koma kan fassarar. In na sa "ki", na kori maza. In na sa "ka ko ki" a kowane layi, wayar ta zama mai in'ina. Kwana biyu ina juya abin, har na ji muryarki. Ni ne ɗanki na fari, alkunya ta hana ki kama sunana, ta hana ki ma fuskantata da magana. Sai dai ki tsaya a bakin ƙofa ki ce, "A tashi, gari ya waye." "A zo a ci tuwo." "A bi a hankali, hanyar da santsi." Da ina yaro na ɗauka da iska kike magana, har haushi nake ji in na ji kina ce wa ƙanena kai kaza, kai kaza. Sai da na girma na san duk "a" ɗin nan ni ne a cikinsa, kuma da ni mace ce ma, da haka za ki faɗa.

Na zauna na sauya su duka. "A shigar da suna." "A aika?" "An tabbata?" Sannan na shiga zaure na rubuta cewa Hajiya Hajara, ni ne na yi kuskure, a fassara da kuma a magana, ki yafe mini. Ga gyara na kawo, kuma ina roƙon kada a saka shi sai kin duba.

Kwana huɗu shiru. Ban san tsoho zai iya jiran saƙo kamar mai jiran sakamakon jarrabawa ba.

A na biyar ta rubuto. Ta ce, "Malam, an yafe. Yarinyar ta gode, rabon da a kira ta haka tun tana tallan dafaffiyar gyaɗa." Sannan ta ce ta karanta wa matan gyaran a wajen banda, sun yarda da yawancinsa, amma "An tabbata?" ya yi musu kama da tambayar ɗan sanda, a mayar da shi "Kun tabbata?" Na duba na ga gaskiyarsu. Ni da na tsufa da alli a hannu, ban ji wannan ba, masu hayaƙi a ido suka ji.

A ranar da yamma gurbin Guri ya cika. Ruwa ya ƙaru da taƙi ɗaya, in ji rahoton, a fara kwashe na bakin gaɓa.

Yanzu duk layin da na fassara sai ya bi ta hannunta kafin ya shiga. Yau da safe ta dawo mini da biyu, ta ce in sake. Na sake, Inna, ban yi gardama ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya saka miki da Aljanna a kan duk abin da kika sani ba a ce ke kika sani ba. Mu kuma Ya ba mu ladabin saurare kafin namu lokacin ya zo, Ya kiyaye mutanen fadama daga sharrin ruwa. Amin.

Ni ne ɗanki,
Habu
Hadejia