Lambar da Ke Cikin Wayarki

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar amaryata. Ni dai ga ni nan, gwiwa ce kawai ke ba ni labarin shekaruna.

Saƙonki ya iso, kuma ya hana ni sukuni. Kin ce surukarki tana tura yarinyar wasa tsakar gida ba malafa, ba man shafawa, muddin akwai gajimare. Da kika nuna mata lambar ƙarfin rana a wayarki, sai ta ce ai kakan yarinyar ma, da duk karatunsa, ya ce tauraron ɗan adam maƙaryaci ne.

Na faɗa, a gabanta, ranar da kuka zo gaishe ni. Kin san dalili. Ƙuruciyata ta ƙare a saman rufin ofishin yanayi, ina goge ƙoƙon gilashin na'urar da ke auna hasken nan mai ƙona fata, wanda ido ba ya gani. Da awona aka daidaita tauraron nasu na sama. Da ya koyi aikin, sai aka kulle ƙofar rufin, aka sallame ni da agogon bango. Na'urar tana can, tattabaru sun mai da ita masai. Har gobe ban yafe ba.

Amma haushina daban, fatar jikata daban. Zabiya ce, ba ta da garkuwar da muke da ita. Gajimare mai shara-shara zafi yake tarewa, hasken kuwa ratsa shi yake yi. Tauraron yana duban gajimaren da iskar sama, ya lissafa abin da ke sauka ƙasa. Yakan yi kuskure, amma bai kai fatar surukarki kuskure ba, ita da take auna rana da gumi.

Ki je ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce in ji ni: abin nan da ya raba ni da abincina ya fi ni gaskiya a kan yarinyar. In lambar ta hau, a sa mata riga mai dogon hannu da malafa, ta zauna a inuwa har la'asar. In surukar taki ta yi gardama, zan zo da kaina in faɗa, ko da rarrafe ne.

Tsoffin abokan aikina dai kada su ji wannan magana.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya mana ita.

Naki,
Baba