Cibiyar Ƙaramin Jirgi

Makasar

Yaya Nurbaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a gaishe da maigidanki da yara.

Direban motar kasuwa zai kawo miki kwali. Ƙaramin jirgin ruwa ne a ciki, finisi, tsawon hannuna, irin wanda Kaka ya tuƙa tun jirage ba su san inji ba. Abin da na tuna da abin da na tono a littattafan gwanjo na haɗa. 'Yan ƙungiyarmu da ke harhaɗa jiragen Turawa da gam sun yi ta yi mini dariya, wai wa ke fara fatar jirgi kafin haƙarƙari? Na ce musu haka ake yi a duk garinmu Tana Beru, tun kakanninku na tsoron shiga ruwa. Ƙusoshin itace na sa, ko ɗigon gam babu.

Ki ɗinka masa ƙyallayen iskarsa bakwai, za mu baje kolin ayyukanmu bayan Salla. Don Allah kada Baba ya gani. Mutumin da ya ce mini kafintan 'yartsana a gaban ma'aikatansa, har na bar masa gari, ba shi da abin kallo a nan.

Ƙanenki,
Sangkala

Tana Beru

Sangkala,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai kewarka.

Ɗinki ya kusa. Amma ka sani gidan nan ba a ɓoye abu mai ƙamshin katako. Baba ya shigo shan kofi ya tarar da jirgin a kan keken ɗinki. Bai tambaya ko na waye ba. Ya kifa shi a cinya, ya bi ƙashin bayan jirgin da babban yatsa har kofin ya huce. Sai ya ce ina cibiyarsa. Na ce Baba, na ajiya ne a gilashi. Ya ce shi bai taɓa jin jirgin ajiya ba. Ya naɗe shi a zaninsa ya fita.

Ka sha ruwa kafin ka ba ni amsa.

Yayarka,
Nurbaya

Makasar

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Ya fita da shi ina? Kina zaune kina kallo? Na san abin da ke biyo bayan cibiya, ai a bakin tekun nan na girma: a huda ƙashin baya, a toshe, gari na wayewa a tura ruwa. Wannan na jirgin da ake yanka wa akuya ne, ba na abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya ba. Ruwan gishiri zai cinye min fenti, igiyoyin su saki. Ya raina aikina ina gabansa, yanzu kuma zai nutsar da shi a bayana, ma'aikata su samu abin dariya. Ki karɓo mini kayana, ko da kuka ne.

Sangkala

Tana Beru

Ƙanena mai bakin barkono,

Salama da fatan ka huce.

Wasiƙarka ta makara. An huda, an tura. Fentin ya tafi, ƙyallen da na ɓata idona a kansa ya zama tsumma, don haka ni ma ina da nawa fushin. Baje koli kam sai wata shekara.

Amma bari ka ji yadda aka yi. Baba ya sa farar hularsa. Ya aika aka yi onde-onde, ƙwallayen zaƙin nan na garin shinkafa, ya tsayar da aiki a kan babban jirgin da suke yi, ya tara kowa. Da allurar ɗinkin buhu ya huda, yana addu'ar da yake yi wa manyan, bai rage ko kalma ba. Daeng Tompo, tsohon mai zarton nan, ya fara wasa wai a kawo ɓera a yanka. Kallo ɗaya Baba ya yi masa ya haɗiye sauran. Ka fi ni sanin jirage nawa ya ƙi yi wa cibiya don aikin bai gamshe shi ba.

Ya shiga ruwa har gwiwa ya sake shi. Jirginka ya zauna, iska ta ɗauke shi, sai da yara suka bi shi da iyo. Cikinsa a bushe.

Da yamma na ce tunda ya ɗan karkata hagu, ya gyara maka mana. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba: "Ba na sa hannu a jirgin wani magini. Mai shi ya zo ya gyara abinsa."

Allah ya sanyaya zuciya.

Nurbaya

Makasar

Yaya,

Ina gaisuwa. Kuɗin idon da kika ɓata a ɗinki kuma ki yi haƙuri.

Ki gaya wa Baba jirgina bai karkata ba, shi ya tsaya a karkace. Zan nuna masa da kaina ran Asabar, da motar safe. A ajiye min romon kifin nan na pallumara, a kuma ce wa Daeng Tompo ya matsar da tarkacensa daga bencina.

Ki gaishe shi. Ki ce ɗansa ne.

Sangkala