Kalandarku Ta Faɗo Kan Hoton Jariri

Zuwa ga shugabannin kamfanin da ke riƙe mana wasiƙun imel cikin sirri,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikata. Ni malamar makaranta ce a Ƙofar Marusa, Katsina. Na zo wurinku ne saboda alkawari ɗaya, cewa babu mai leƙa wasiƙata, kuma kun cika shi. Sai kwanan baya kuka ƙaro kalanda, ban roƙa ba.

Yayana ya kwanta ciwon ƙoda, aka sa ranar yi masa aiki. Muka haɗa baki muka ɓoye wa Hajiya, mahaifiyarmu, don hawan jini gare ta. Ta akwatinku likita yake aiko min da komai.

Ranar sunan ɗan ƙanwata na miƙa wa Hajiya wayata ta ga hotuna. Ku sani, a garin nan waya ba ta mutum ɗaya ba ce, ranar biki hannu goma take bi. Tana kallo, kalandarku ta tsinto ranar aikin daga wasiƙar likita, ta sako ta kan fuskar jariri, da sunan Yaya da na asibiti. Hajiya ta miƙo min wayar, wai ta baro tabaranta a gida.

Alhamdu lillahi, an yi aiki, Yaya ya tashi, jiya har Babbar Kasuwa ya je da ƙafarsa. Shi ya sa nake rubutu da sanyin zuciya.

Roƙona biyu. Na farko, ku ƙaro abin da kuka ga dama, har rumbun hotuna da na ji kuna shiryawa, amma ya zo a kashe, mai so ya kunna. Na biyu, kada wani sabon abu ya taɓa wasiƙa sai an tambayi mai ita. Kun yi ta gadin ɓarayin nesa, kun mance da wanda ke zaune gefena a tabarma.

Da muka je sanar da Hajiya bayan an sallamo Yaya, ta ce ai ta karanta saƙon tun ranar suna. Ta yi shiru ne don kada hankalinmu ya tashi, sati uku tana azumi ita kaɗai. Na yi kuka sosai.

Allah ya yi muku jagora, ya sa ku gyara.

Wassalam.
Taku, wata malama, Ƙofar Marusa.